Na zuba darussa a faifai, na'urar DVD ta ƙi kunnawa. Ina matsalar take?

Malamin_Kwamfuta: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawarar masana nake nema. Ina koyar da yara kwamfuta, kuma na naɗi darussan Word da Excel kai tsaye daga fuskar laftof ɗina, ina bayani ina nunawa. Yayana shugaban makaranta ne a wani ƙauye da sai an hau tudu ake samun sabis. Suna da sola, da talabijin irin mai ƙeyar nan, da na'urar DVD. Ya ce in sa masa darussan a faifai ya riƙa kunna wa ɗalibai, musamman masu shirin jarrabawar JAMB, tunda da kwamfuta ake rubuta ta. Na sayi faifan DVD, na jawo fayilolin MP4 na zuba, Windows ta buga. A laftof suna buɗewa lafiya lau. A na'urar gidanmu kuwa sunayen darussan suna fitowa, amma in na danna sai ta ce ba ta gane fayil ɗin ba. Ta maƙwabcina ma ko sunayen ba ta nuna ba, juyi kawai take yi. Wace hanya ce mafi sauƙi da zan yi faifan da kowace na'ura za ta karɓa? Ni ba gwani ba ne a harkar bidiyo, a yi min bayani dalla-dalla.

Dan_Zamani: Wa'alaikumus salam. Malam, DVD a wannan zamanin? Ka zuba masa a filas ko memori mana, an wuce wurin.

Malamin_Kwamfuta: @Dan_Zamani talabijin ɗin ba shi da wurin sa filas. Na'urar DVD ɗin ma ya ce min tsohuwa ce, faifai kawai take ci.

Mai_Gyaran_Rediyo: Malam, faifanka lafiyarsa ƙalau, na'urarka ma haka. Abin da ka yi faifan ajiya ne, ba faifan kallo ba. Na'urar DVD tana da abin da take nema in an sa mata faifai: folda mai suna VIDEO_TS, a ciki akwai fayilolin VOB, da IFO, da BUP. VOB ne ke ɗauke da hoto da sauti, IFO yana gaya wa na'ura inda komai yake, BUP kuma kwafin IFO ne don ko ya lalace. Hoton kuma da tsarin matse bidiyo mai suna MPEG-2 ake yin sa. Naka MP4 ne, kuma kusan tabbas wani tsarin ne a cikinsa, H.264, wanda tsofaffin na'urori ba su san shi ba. Kullum ana kawo min na'ura a shago a ce ta lalace, in sa faifan kamfani ta kama aiki nan take.

Ummu_Yara: Ni ma abin da ya same ni ke nan da bidiyon saukar ɗana. Kuma Windows ɗin ce da kanta ta tambaye ni ko ina son faifan ya yi aiki kamar filas ko kuwa da na'urar CD da DVD. Na zaɓi na biyun, amma duk da haka bai yi ba.

Mai_Gyaran_Rediyo: Hajiya, wannan zaɓin ya rikita mutane da yawa. Abin da yake yi shi ne ya rubuta fayilolin gaba ɗaya ya rufe faifan. Ba ya sauya bidiyon zuwa MPEG-2, ba ya kuma gina VIDEO_TS. A Windows Vista da Windows 7 akwai manhajar da ke wannan aikin, Windows DVD Maker, amma daga Windows 8 aka cire ta.

Injiniya_Sabongari: Bari in shimfiɗa hanyar ga mai farawa. Ka sauke DVDStyler, manhajar haɗa faifan kallo, kyauta ce, tana aiki a Windows da Linux da Mac. In ka buɗe sabon aiki za ta tambaye ka girman faifai, ka zaɓi 4.7 GB. Tsarin hoto ka zaɓi PAL, shi ake amfani da shi a Najeriya. Sauti ka bar shi a AC3. Siffar hoto 16:9 in darussan a faɗin laftof ka naɗe su. Sai ka jawo darussan ɗaya bayan ɗaya, ka ɗauki ɗaya daga shafukan zaɓin da ta zo da su, ka rubuta sunan kowane darasi a kan maɓallinsa. Shawarata ita ce kada ka ce ta buga faifai kai tsaye. Ka sa ta fitar da fayil ɗin ISO tukuna, wato kwafin faifan gaba ɗaya a fayil guda, ka buɗe shi da manhajar kallon bidiyo ta VLC, ka ga ko maɓallan suna kai ka inda ya kamata, ka saurari sautin. In ka gamsu, ka danna ISO ɗin da maɓallin dama na linzami, Windows tana da zaɓin buga shi a faifai tun daga Windows 7. Ka sa alama a wurin da ke cewa ta tantance faifan bayan ta gama. Amfanin ISO shi ne gobe in yayanka ya ce wata makarantar ma tana so, bugawa kawai za ka yi, babu sake jiran sauyi.

Dan_Zamani: Duk wannan wahalar? Kuɗin faifai da lokacin da za a ɓata sun kusa sayen ƙaramin akwatin da ke karanta filas ya haɗa da talabijin.

Baba_Tsohon_Malami: Yaro, ka taɓa koyarwa a makarantar ƙauye? Filas ɗin da ka bayar ranar Litinin, kafin Juma'a wani ya ara ya goge ya zuba waƙoƙi, ko ya kai shagon masu turi ya dawo da ƙwayar cuta. Faifai ba ya goguwa. Ka rubuta masa suna, ka sa a kabad ɗin ofis. Malam, ci gaba da abinka.

Dan_Zamani: Allah ya huci zuciyar Baba. Na yarda da maganar gogewa. Amma faifai ma yana karcewa.

Baba_Tsohon_Malami: Shi ya sa ake buga biyu.

Mai_Hada_Bidiyo: Duk abin da Injiniya ya faɗa daidai ne, amma akwai babbar matsalar da ba a taɓo ba, kuma ita ce za ta fi ba Malam ciwon kai. Faifan zai kunnu, sai dai ɗalibai ba za su iya karanta abin da ke ciki ba. Laftof ɗinka in ta zamani ce tana nuna ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye. DVD na PAL kuwa 720 ne da 576, babu ƙari ko da wace manhaja ka yi aiki. Ka ninka ka gani: na farko ɗigo 2,073,600, na biyu 414,720. Kashi ɗaya cikin biyar cif. Ga bidiyon biki wannan ba komai ba ne, fuskar amarya za ta fito. Amma Excel? Lambobin da ke cikin gidajen, da ƙananan rubutun da ke saman shafi, duk za su dagule. Kana cewa ku dubi wannan lissafin, yara suna kallon hazo.

Don haka gyaran tun daga wurin naɗa yake farawa. Ka rage ƙudurin fuskar laftof, wato yawan ɗigon da take nunawa, zuwa 1280 da 720 kafin ka fara. Ka shiga saitin nuni ka ƙara girman rubutu zuwa kashi 150. A cikin Excel ɗin ma ka zuƙo shafin har ya zama ginshiƙi biyar ko shida kawai ake gani. Ka ƙara girman kibiyar linzami, ka sauya mata launi, kuma ka daina yawo da ita in kana magana. In za ka danna wani abu, ka tsaya a kansa, ka faɗi sunansa, sannan ka danna. Gwajin da nake yi shi ne in ja baya daga laftof kamar taku uku. Abin da ban iya karantawa daga nan ba, yaron da ke bencin baya ba zai gan shi ba.

Malamin_Kwamfuta: Inna lillahi. Wato sai na sake naɗar darussan daga farko?

Mai_Hada_Bidiyo: Kada ka yanke hukunci tukuna. Ɗauki darasi ɗaya, ka sauya shi, ka kalla a talabijin na gaske, ba a laftof ba. Darussan Word da ka yi da manyan haruffa wataƙila su tsira. Waɗanda ke da ƙananan lambobi za ka iya zuƙo wurin da ake aiki da manhajar tace bidiyo irin su Shotcut ko Kdenlive, tunda ainihin naɗin yana da ɗigo da yawa, ko ka yanko rabinsa bai kai ƙasa da abin da DVD ke buƙata ba. Amma gaskiya, wani lokaci sake naɗa ya fi sauri a kan bin kowane minti kana zuƙowa.

Mai_Gyaran_Rediyo: Ƙari a kan wannan, tunda talabijin mai ƙeya ne. Irin waɗannan suna cinye gefen hoto ta kowane ɓangare, haka aka ƙera su. Layin ƙasa na Windows inda maɓallin farawa yake, da sunayen shafukan Excel da ke can ƙasa, za su iya ɓacewa gaba ɗaya. Masu aikin talabijin suna barin kusan kashi 10 na gefe babu rubutu mai muhimmanci. In kana naɗa da manhajar OBS Studio, ka ɗan rage girman hoton a tsakiyar fili, ka bar baƙin gefe zagaye. Abin da talabijin zai ci sai ya ci baƙin.

Sannan siraran layuka na kwance suna rawa a irin wannan talabijin, saboda layi-layi yake zana hoto, rabi yanzu rabi anjima. Layukan gidajen Excel suna cikin masu wannan rawar. Ka kauraro su ko ka kashe su in darasin bai buƙace su ba.

Injiniya_Sabongari: Kuma in an tabbata talabijin ɗin mai kusurwa huɗu ne, 4:3, to 16:9 ɗin da na ce a sama sai a sake tunani. Na'ura za ta sa baƙi sama da ƙasa, hoton ya ƙara ƙanƙancewa. Wanda zai sake naɗa saboda irin wannan talabijin gara ya mai da fuskar laftof 1024 da 768, ya yi faifan a 4:3, ya cika gilashin.

Mai_Hada_Bidiyo: Ban yarda da wannan gaba ɗaya ba, Injiniya. Yau mai ƙeya ne, gobe wani ɗan siyasa ya kawo musu na bango. Kuma darussan nan Malam zai so ya sa su a YouTube wata rana. Ni 16:9 zan yi da manyan haruffa.

Injiniya_Sabongari: Ɗaliban bana da talabijin ɗin bana za su kalla. In na bangon ya zo, 4:3 zai kunnu a kansa, baƙi ne kawai dama da hagu.

Yar_Damagaram: Sannunku da aiki. Tambaya daga Nijar. Mu nan tun muna yara SECAM muke ji ana cewa, ba PAL ba. In zan yi wa mahaifiyata faifai, wanne zan zaɓa? A manhajar PAL da NTSC kawai na gani.

Mai_Gyaran_Rediyo: PAL za ki zaɓa, 'yar'uwa. SECAM tsarin watsa shirye-shirye ne ta iska, wanda Faransa da ƙasashen da suka bi ta suka yi amfani da shi. A faifan DVD babu shi. Ƙasashen SECAM da na PAL faifai iri ɗaya suke kallo, layi 576, hoto 25 a daƙiƙa. NTSC na Amurka da Japan ne, 720 da 480, hoto kusan 30 a daƙiƙa. Yawancin na'urorin da ake sayarwa a ƙasashenmu suna karanta duka biyun, amma in za ki aika wa wani a Amurka to NTSC za ki yi, don nasu ba kasafai suke karɓar PAL ba.

Yar_Damagaram: Na gode, Allah ya saka. Batun lambar yanki fa? Wani ya ce min faifai yana da yanki.

Mai_Gyaran_Rediyo: Na kamfanonin fina-finai ne ake kullewa da yanki. Wanda kika buga a gida babu kulle a kansa.

Alaramma_Na_Tudu: Assalamu alaikum. Allah ya ƙara wa malamai ilimi. Tawa ta ɗan bambanta. Da waya nake naɗar darasin tajwidi, ina buɗe mus'hafi a manhaja ina karantawa ina nuna wuraren madda da gunna. Na ba wani yaro ya mayar min faifai. Abu biyu suka faru. Shafin ya fito ɗan siriri a tsakiyar talabijin, wasulla ba sa rabuwa da juna. Na biyu kuma, a farko murya da nuni suna tafiya tare, amma can gaba sai in ji ina karanta aya alhali hoton yana kan wadda ta gabace ta.

Mai_Hada_Bidiyo: Allah ya gafarta Malam, duka biyun sanannu ne. Na farko: wayar a tsaye ka riƙe ta. Hoton tsaye in aka sa shi a faffaɗan talabijin kusan kashi ɗaya cikin uku na faɗin kawai yake ci, sauran baƙi ne. Ka kwantar da wayar kafin ka fara naɗa, ka zuƙo har ya zama layi uku ko huɗu ne a fuska. A karatun da fataha da kisira ke sauya ma'ana, wannan ba abin sakaci ba ne. Ka kuma guji jan rubutu a kan baƙi ko shuɗi. DVD yana adana launi da rabin ƙudurin haske, ja ne ya fi dagulewa, balle in da wayar haɗin nan mai baki rawaya aka haɗa na'ura da talabijin. In manhajar mus'hafin tana yi wa hukunce-hukunce launi, ka riƙa faɗar hukuncin da baki, kada ka dogara da launin.

Na biyu: wayoyi ba sa naɗar fuska da adadin hoto tsayayye. In shafi bai motsa ba sai su rage, in ka ja shi su ƙara, don tsimin wuri. DVD kuwa 25 yake so kowace daƙiƙa, ba ragi ba ƙari. Wasu manhajojin in suna sauyawa sai lissafin ya kuɓuce musu, tazarar ta riƙa ƙaruwa a hankali. Maganinsa a fara wuce da bidiyon ta HandBrake, manhajar sauya tsarin bidiyo, a shafin bidiyo a zaɓi 25, a zaɓi tsayayyen adadi maimakon mai sauyawa. Abin da ya fito shi za a ba DVDStyler.

Dalibi_BUK: HandBrake ba za ta iya yin DVD ɗin gaba ɗaya ba?

Mai_Hada_Bidiyo: A'a. Tana karanta DVD ta mai da shi MP4 ko MKV, amma ba ta gina VIDEO_TS.

Dan_Linux: Ku dai kuna son danne-danne. Layi ɗaya ne a FFmpeg, manhajar da ake rubuta wa umarni:

ffmpeg -i darasi.mp4 -target pal-dvd -aspect 16:9 darasi.mpg

Ya mai da hoton 720 da 576, hoto 25, MPEG-2, sauti AC3 a 48 kHz. Sai manhajar dvdauthor ta gina foldar VIDEO_TS.

Ummu_Yara: Mutum ya ce shi ba gwani ba ne, kai kuma ka kawo masa baƙin allo. Ka tausaya mana.

Dan_Linux: Hajiya ai kwafa da liƙawa ne. Kuma DVDStyler ɗin da kuke yabo, FFmpeg ɗin ne take kira a bayan fage.

Injiniya_Sabongari: Gaskiya ne, amma a lura da abu ɗaya: fayil ɗin mpg da wannan layin ya fitar ba faifan kallo ba ne tukuna. In aka zuba shi a faifai haka nan, an koma gidan jiya, wata na'urar ta karɓa wata ta ƙi. Kuma in bidiyon na tsaye ne irin na Alaramma, wannan layin zai baje shi ya cika faɗi, haruffa su yi ƙiba.

Dan_Kofar_Wambai: Kun tuna min da zamanin da. Mun ga kaset, muka ga VCD, muka ga DVD, yanzu duk kasuwar ta koma waya da YouTube. Lokacin VCD fim ɗaya sai a raba shi faifai biyu, don CD ba ya ɗaukar fiye da minti 80, hoton kuma 352 da 288 ne kawai. Malam, kada wani ya ce maka ka yi VCD don CD ya fi araha. Rubutun kwamfuta a VCD ko kai da ka rubuta ba za ka gane shi ba.

Abin da na sani a harkar bugu kuwa: kada ka buga da gudu. Faifan an rubuta masa 16x, kai ka zaɓi 4x ko 8x. Tsohuwar na'ura idonta ya raunana, faifan gida kuma ba ya mai da haske kamar na kamfani. Ka sayi DVD-R mai alamar ragi, shi tsofaffin na'urori suka fi sabawa da shi, don ya riga mai alamar tarawa fitowa. Mai RW ka riƙe shi don gwaji a gida, kana gogewa kana sakewa, amma kada ka aika shi ƙauye. Kuma laftof ta kasance da caji, in wuta ta ɗauke ana tsakiyar bugu faifan ya tafi.

Injiniya_Sabongari: Alhaji, batun gudu akwai ja. Faifan zamani an yi shi ne don gudu mai yawa, in ka matsa masa ƙasa sosai wani lokaci bugun ya fi muni. Rabin abin da aka rubuta a jikinsa ya wadatar.

Dan_Kofar_Wambai: To ai 8x rabin 16x ne, ɗana. Ba mu saɓa ba.

Dalibi_BUK: Tunda ana maganar naɗar fuska, ni akwai karatuttukan wani malami da wasu fina-finai da nake so in naɗa daga intanet in buga in riƙa sayarwa a unguwa. Hanyar ɗaya ce?

Dan_Kofar_Wambai: Hanyar ɗaya ce, kuma ita ce ta karya mutane da yawa da na sani. Mutum ya sayar da fili ya yi fim, kafin ya mai da kuɗinsa an cika gari da na sata. Malam darasinsa ne, muryarsa ce, guminsa ne. Kai kuwa kayan wani za ka sayar. Akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, akwai kuma hukumar da ke kula da ita. Ko babu doka, haƙƙi ne.

Alaramma_Na_Tudu: Karatun malamai ma a nemi izini. Da yawa za su ce a yaɗa fisabilillahi, amma yaɗawa daban, sayarwa daban.

Dalibi_BUK: Na ji, na fasa fina-finan. Malamin zan nemi ɗalibansa in tambaya.

Malamin_Kwamfuta: Mu dawo kan tawa don Allah. Darussan gaba ɗaya sun kai awa shida. A MP4 duka ba su cika 3 GB ba. Tunda faifan 4.7 ne, ai za su shiga ɗaya ko?

Injiniya_Sabongari: Girman MP4 ɗin ba shi ne ma'auni ba, tsawon lokaci ne. MPEG-2 tsohon tsari ne, yana cin wuri fiye da H.264 nesa ba kusa ba. Lissafin: 4.7 GB megabit 37,600 ne. Raba da daƙiƙa 7,200 na awa biyu, ka sami kusan megabit 5 a daƙiƙa, hoto da sauti. Wannan shi ne ingancin da aka saba. Awa uku kusan 3.5. Sa'arka ita ce naɗin fuskar kwamfuta ba shi da motsi sosai, shafi yana tsaye kibiya ce kawai ke tafiya, don haka awa uku a faifai ɗaya zai yi kyau. Awa shida a ɗaya kuwa, duk lokacin da ka ja shafi sai rubutu ya farfashe. Ka raba biyu: Word a faifai ɗaya, Excel a ɗaya. Kada kuma ka tsorata in kwamfuta ta nuna maka 4.37 maimakon 4.7, bambancin ƙidaya ne, ba cuta ba.

Dan_Zamani: Akwai faifai mai hawa biyu, 8.5 GB. Ya shige ɗaya.

Mai_Gyaran_Rediyo: Akwai, amma shi ne ya fi ba tsofaffin na'urori wahala, musamman wurin tsallakawa daga hawa na farko zuwa na biyu. Ga tsada, ga wuyar samu. Mutumin da ke neman faifan da kowace na'ura za ta ci, ba ruwansa da shi.

Baba_Tsohon_Malami: Ni ta ɓangaren aji zan yi magana. Kada ka haɗa darasi ya yi awa guda. Minti goma zuwa sha biyar, kowanne da maɓallinsa. Malamin da zai kunna yana buƙatar ya tsayar, ya yi tambaya, ya koma baya. Kuma rimot ɗin makaranta ɓata yake yi, ko batir ya mutu a rasa mai saye. Ka yi faifan yadda ko babu rimot, in an danna maɓallin kunnawa da ke jikin na'ura zai fara daga darasi na ɗaya ya wuce na biyu da kansa.

Injiniya_Sabongari: Wannan shawara ce ta wanda ya san aiki. A DVDStyler ana iya saita faifan ya fara da darasin farko maimakon shafin zaɓi, kowane darasi kuma a gaya masa abin da zai biyo baya in ya ƙare. Tana kuma yanka babi duk bayan minti 10 da kanta, kana iya sauya wuraren zuwa inda sabon batu ya fara, maɓallin tsallake na jikin na'ura ya riƙa kai malami can.

Yar_Damagaram: Sunayen darussa a shafin zaɓi, in na rubuta da ƙ da ɗ da ɓ, na'urar za ta nuna su? Wayar mahaifiyata akwatuna take nunawa a wurinsu.

Mai_Hada_Bidiyo: Za ta nuna. Shafin zaɓi na DVD hoto ne, ba rubutu ba. Muddin salon rubutun da kika zaɓa a kwamfutarki yana da haruffan, yadda kika gan su haka za su fito. Ajami ma haka, sai dai ki duba da kyau ko haruffan sun haɗu daidai, in ba su haɗu ba ki rubuta a wata manhajar ki ɗauko shi a matsayin hoto.

Ummu_Yara: Wani abu da ba a faɗa ba: sauti. Bidiyon da ƙanena ya naɗa, ƙarar janareta ta fi muryarsa. A waya da abin kunne ana jurewa, amma a lasifikar talabijin cikin aji mai yara sittin ba za a ji komai ba. Ko ɗan makirufon abin kunne ya fi na jikin laftof. Bayan sallar asuba kuma unguwa shiru take.

Malamin_Kwamfuta: Ga inda aka kwana. Na sauke DVDStyler, na gwada da darasin Word guda ɗaya, na fitar da ISO, na buga a DVD-R da 8x. Na'urar gidanmu ta kunna, alhamdu lillahi, har da shafin zaɓi. Rubutun cikin takarda yana karantuwa. Na saman shafi kuwa sai wanda ya riga ya san abin da ke wurin, kamar yadda @Mai_Hada_Bidiyo ya faɗa. Na Excel zan sake naɗa. Ta maƙwabcina har yanzu juyi take yi.

Mai_Gyaran_Rediyo: Ta maƙwabcin tana kunna faifan kamfani? In ba ta yi, ƙurar hunturu ce ta rufe idon, ko idon ya mutu, ba laifin faifanka ba ne. In tana yi, ka gwada wani kamfanin faifan, don akwai na banza a kasuwa da yawa. Kuma kafin ka buga duka, ka aika wa yayanka wannan ɗin na gwaji a motar kasuwa ya sa a tasu na'urar. Ita ce alƙali.

Dan_Kofar_Wambai: In za ka rubuta suna, da maka mai laushi, ba biro ba. Kada ka liƙa takarda, tana sa faifai ya yi rawa a ciki. Ka sa shi a gidansa, kada direba ya ajiye shi a gaban mota rana ta dafa shi.

Dan_Zamani: Ni dai har yanzu ina kan bakata. Ka aika faifan, amma ka haɗa da memori mai ainihin MP4 ɗin, malamai su zuba a wayoyinsu. A can ne ƙananan rubutun za su fito tas.

Baba_Tsohon_Malami: Wannan kam ban ƙi ba.

Malamin_Kwamfuta: Zan haɗa. Amma ba ku raba min gardama ba: na Excel ɗin da zan sake, 4:3 zan yi ko 16:9? Injiniya ya ce wannan, Mai_Hada_Bidiyo ya ce wancan.

Mai_Hada_Bidiyo: 16:9, ka tattara aikin a tsakiya.

Injiniya_Sabongari: Ka tambayi yayanka inci nawa ne talabijin ɗin, da yawan yaran da ke zama gabansa. In 14 ne ko 21, 4:3.

Alaramma_Na_Tudu: Ni kuma HandBrake ɗin nan, akwai ta a waya, ko sai na nemi mai laftof?